Kayan aro: Yadda tsakuwa ɗaya ta cinye mani babur

Duk sa'ilin da na ga jarumi a fim ya fito daga wata dalleliyar mota ya na jujjuya makulli a yatsa, ba fuskar sa na ke kallo ba. Gilashin gaban motar na ke dubawa. Abokai na har tsiya su ke yi mani, wai kowa na kallon soyayya ni ina kallon gilashi. Ba su san abin da ya haɗa ni da shi ba. To yau zan fasa ƙwai, musamman saboda ƙanne na masu mafarkin shiga industiri.

A ƙarshen 2006 ina ɗan shekara ashirin da ɗaya a Talata Mafara. Na gama sakandare, ina kabu-kabu da babur ɗi na Jincheng, kuma rabin abin da na ke samu a shagon kaset ya ke ƙarewa. Tun da aka kawo Shari'a aka rufe gidajen sinima a Zamfara, sai kallo ya koma cikin gida, mu kuwa mu ka rungume shi hannu biyu. 'Sangaya' da 'Wasila' na kalle su har kaset ya fara cin zare. Ɗaki na ba ka ganin bango don fosta. Buri na ɗaya ne a duniya: in ga fuska ta a talbijin ko da sau ɗaya ne.

Yaya na kuma dillalin motoci ne, ya na ɗauko su daga Kwatano. A zuwan sa na ƙarshe ya shigo da wata mota da ta tsayar da gari: Toyota Celica ja, mai ƙofa biyu, ƙirar 1994, mai zagayayyun fitilu huɗu a gaba kamar idanun kwaɗo. Gajera ce, ta kusa shafar ƙasa, gilashin gaban ta a kwance kamar an shafe shi da hannu. Wani Alhaji a Gusau ya gan ta ya ba da kafin alƙalami, da sharaɗin zai cika kuɗi ya ɗauka bayan an dawo daga Hajji. Da cikon ne Yaya zai yi wa ƙanwar mu kayan ɗaki. Ranar da zai tafi sansanin alhazai ya miƙo mani makulli ya ce, "Kullum da sahe ka tashe ta ta yi zahi, ka kashe. Kada ta hita ƙohwar gida. Amana ta."

Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce yaro!"

Bai yi kwana goma da tafiya ba wani aboki na ya zo mani da labari. Wasu 'yan fim sun sauka a garin, za su yi shutin a dam ɗin Bakolori, kuma darakta na neman motar da jarumi zai tuƙa a wani sin. An nuna masa motoci uku ya ce duk na iyaye ne, shi motar samari ya ke so. Aka kawo shi gidan mu. Da na yaye tamfol, sai da ya zagaya ta sau biyu, sannan ya dube ni ya ce, "Kai ma ai ka na da fuskar fim. Akwai wani rol na abokin jarumi." Wallahi daga nan ban ƙara jin komai ba. Ban tambayi nawa za a biya ba, ban tambayi wa zai ɗauki asara idan wani abu ya faru ba. Na shaida wa Inna wai zan kai mota wanki.

Wanda bai san Bakolori ba, dam ne babba a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun, wanda kamfanin Impresit na Italiya ya gama ginawa a 1978. Mu yaran yankin mun taso mun ji iyaye na ba da labarin Afrilun 1980, lokacin da aka harbe manoman da su ka fito neman diyyar gonakin su. Amma a idon kyamara wuri ne mai kyau kawai, ruwa shimfiɗe har inda gani ya ƙare. Mu ka wuni a can. Jarumi ya tuƙa motar gaba da baya ya fi sau goma, ni kuma aka sa ni na buɗe masa ƙofa na ce, "Sannu da zuwa, abokina." Rol ɗin ke nan gaba ɗaya. A ranar ji na ke ko Ali Nuhu sai ya yi da gaske.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Mun baro Maradun da la'asar sakaliya, ni ke tuƙi, yara uku na masu ɗaukar kaya sun cusu a baya su na zuga ni. Sai ga wata tifa a gaban mu shaƙe da tsakuwa, ba a rufe ta ba. Maimakon in ja baya, sai na manne mata ina neman hanyar wucewa, don a ga abin da jar mota za ta iya. Ji na yi kawai "ƙas!" kamar an harba gwafa. Na duba, sai ga wani ɗan tauraro a gilashi, ta ɓangaren fasinja, ƙasa kaɗan da madubi. Girman sa bai kai kwabo ba.

Furodusa ya duba ya ce, "Wannan ai ba komai ba ne, idan mun koma zan aiko maka da wani abu." Ya ba ni lambar waya. Har yau da na ke wannan rubutu a kashe ta ke.

Nan na fara yin wauta ɗaya bayan ɗaya. Da dare na sayo supa gulu na ɗiga a ramin na shafe da yatsa. Ya bushe ya yi fari, ya fi da muni. Sai na ɓamɓaro sitikar Ahmad S. Nuhu da ke jikin babur ɗi na, na manna a kai. Na ja da baya na duba, na ce shi ke nan, asiri ya rufu. Idan Yaya ya dawo sai in ce ado na yi mata.

Kwana shida asiri na a rufe. Ran na bakwai aka tashi da hunturu irin na Disamba, wanda ruwan randa ke cizon hannu. Ƙura ta lulluɓe motar. Na ga butar da Inna ta ɗuma mana ruwan alwala, na ce bari in wanke gilashi da shi don ya fi fita. Ina kwarawa na ji wani ɗan sauti siriri, "tsit." A gaban ido na tsaga ta fito daga ƙarƙashin sitikar, ta miƙe kamar macijiya ta nufi ɓangaren direba. Kafin azahar, da rana ta buɗe, ta ƙara tafiya. Kashegari ta kai bakin roba. Na zauna a ƙasa na dafe kai.

Ko a nan ban saduda ba. Babbar Sallah ta zo a ƙarshen watan, abokai su ka ce lallai mu tafi yawon Sallah Sakkwato da jar mota, tsaga ai ba ta hana gudu. Har na yarda, mun sa rana. Sai ranar 1 ga Janairu, 2007, labari ya iso cewa Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Azare. Duk wanda ya ke kallon fim a lokacin ya san yadda ranar ta kasance. Ba mu gama mantawa da Balaraba Muhammad ba, wadda ita ma hanya ta ɗauke a 2003 ana kai ta gidan miji. Na fita tsakar gida na yaye tamfol, na tsaya ina kallon hoton sa a gilashi, ya na murmushi, tsaga ta ratsa ta ƙarƙashin sa. Allah ya jiƙan su da rahama. A daren na ce wa abokai na ba inda za ni.

Wani bakanike ne ya ce in tafi Bakura in nemi wani dattijo, wanda ya koyi aikin gilashi da fanel-bita a garejin Italiyawa zamanin gina dam. Na hau babur na bi titin Sakkwato, na karya a Lambar Bakura. Na same shi a gindin dalbejiya ya na gyara ƙofar wata tsohuwar fijo. Na gaishe shi na karanta masa komai, ban da maganar amana. Ya ce ba ya yin magani sai ya ga maras lafiya. Na goyo shi har Mafara.

Ya daɗe ya na bin tsagar da farce. Ya ɗaga gefen sitikar ya ga supa gulu, ya girgiza kai.

"Yaro, wa yab ba ka wagga shawara?"

Na ce, "Ni na ba kai na, Baba."

"Ai na gani. Da ranar da abin yaf faru ka lulluɓe wurin da salatif mai tsabta don kada ƙura ta shiga, da akwai masu yi mai allura Kano. Yanzu kam ya mutu, sai sabo."

A ranar na fara sanin mene ne gilashin gaba. Ashe ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne na gilashi, da wata siririyar leda mai ƙarfi a tsakani wadda ta riƙe su. Shi ya sa idan ya fashe ba ya zubewa, sai ya yi saƙar gizo ya tsaya. Na ƙofa kuwa daban ne, gasasshe ne, idan ya fashe sai ya watse ƙanana kamar tsakin masara. Daga baya na karanta cewa wani Bafaranshe masanin haɗa sinadarai, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar wannan dabara ta falle biyu a 1909. Allurar da Baba ya ke nufi wani ruwan gam ne garai-garai da ake zuƙe iskar ramin a tura shi ciki, a busar da shi da haske, sai ya haɗe wurin. Amma ya na aiki ne idan ramin ƙarami ne, mai tsabta, bai kai baki ba, kuma ba a saitin idon direba ya ke ba. Ni kuwa na cika ramin da supa gulu, na kwara wa gilashi mai sanyi ruwan zafi, fallen waje ya buɗe da sauri alhali sauran bai motsa ba, tsaga ta samu hanya. Sharuɗɗan nan duka sai da na karya su da hannu na.

Na ce, "Baba, ba a iya barin shi haka nan? Ai ana gani."

Ya dube ni kamar zai mare ni. Ya ce a fijon da ya ke gyarawa, roba ce ke riƙe da gilashi, mutum biyu da igiya sun isa su zaunar da shi. Amma irin wannan motar manna shi ake yi da baƙin gam a jikin ƙarfe, ya zama ɓangaren ƙashin motar. Idan ta kife, ya na cikin abin da ke tallafe rufi kada ya danne mutane. A motocin da ke da jakar iska ta fasinja, da shi jakar ke jingina idan ta fashe. Ga shi kuma tsaga na karya hasken fitilar mai zuwa da dare ta watsa maka a ido. "Mota mai gudu da tsagaggen gilashi," inji shi, "doki na da ruɓaɓɓen linzami."

Sai neman gilashi. A Gusau aka yi mani dariya. Na fijo da Hiace da Golf ga su nan jingim, amma Celica sai ka ce na tambayi nonon kaza. A Sakkwato ma haka. Nan na gane wani abu game da motar 'yan gayu: daɗin ta shi ne babu irin ta a gari, wahalar ta ma shi ne babu irin ta a gari. Ashe ma a 2006 ɗin Toyota ta daina ƙera Celica. Kowa ya ce sai Ƙofar Ruwa a Kano.

Ba ni da ko sisi. Ranar Talata, ranar kasuwar garin mu, na tura Jincheng ɗi na na sayar, na haɗa da na'urar bidiyo da kwalin kaset biyu. Da na dawo gida a ƙafa Inna ta dube ni ta ce, "Ina babur?" Nan ƙarya ta ƙare. Ban taɓa ganin ta yi shiru irin na ranar ba. Can ta shiga ɗaki ta kwance bakin zane ta ƙara mani kuɗin mota, ta ce, "Ban ba ka don ka ɓoye ma yayan ka ba. Na ba ka don kada ɗiya ta ta shiga ɗaki wayam."

Na bi ta Gusau da Tsafe da Funtuwa na isa Kano. Ni da na sha alwashin ranar da zan shiga Kano ofisoshin 'yan fim zan fara zuwa, sai ga ni a Ƙofar Ruwa ina bin rumfuna da takardar awo a hannu. Wani ya nuna mani sabo fil mai araha, ya ce na wata mota ce amma "da ɗan dabara zai zauna." Na tuna gargaɗin Baba: gilashin da aka tilasta wa zama, shi zai tsage da kan sa. Ya ce in duba kusurwar ƙasa in ga tambarin kamfani da alamar AS1, in ɗaga shi a rana in leƙa ta ciki, idan na ga abu na lanƙwashewa kamar a cikin ruwa in ajiye, in kuma shafa gefuna ko akwai ɓalli ko wurin da ledar ta fara yin fari. A ƙarshe wani ɗan kasuwa ya buga waya Ladipo a Legas, aka samu na Kwatano da aka yanko daga jikin irin motar. Kwana huɗu na yi ina kwana a shagon wani ɗan garin mu kafin ya iso. Na biya N22,000, ban da dako.

Dawowar ma wani fim ce. Gilashi a tsaye ake ɗaukar sa, idan aka kwantar da shi rami ɗaya ya isa. Na naɗe shi da katifa, na biya kuɗin kujera biyu a bayan bas, na rungume shi tun daga Kano har Mafara. Duk ramin da direba ya faɗa sai na ji shi a ƙirji na.

Aikin sawa ya ci wuni guda. Baba ya cire waifa da robobin gefe, ya zura siririyar waya ta cikin tsohon gam, shi a waje yaron sa a ciki, su na ja kamar masu zarto har gilashin ya saki. Ya kankare tsohon gam ya bar ɗan siriri, ya goge tsatsar da ya gani, ya shafa wani baƙin ruwa a kan ƙarfen don gam ya kama. Sannan ya zagaya da sabon gam a layi ɗaya ba yankewa, ya ce inda layi ya yanke nan ruwan damina zai shiga. Su biyu su ka ɗaga gilashin su ka ajiye sau ɗaya tak, aka ɗaure da salatif. Ya ce kada a tuƙa ta sai gobe, kada a wanke ta kwana biyu, a bar gilashin ƙofa a ɗan sauke, kuma kada wanda ya buga ƙofa da ƙarfi, don iskar ciki na iya tura shi kafin gam ya kama.

Da zai tafi na ce, "Baba, yanzu ai ba mai ganewa ko?"

Ya ce, "Gilashi na gyara maka. Waccan tsagar ta cikin gida, ba ni da gam ɗin ta."

Yaya ya dawo a tsakiyar Janairu. Bayan an watse da 'yan sannu da zuwa, ya yaye tamfol ya shiga ya zauna. Ina tsaye ina ta haɗa maganar da zan fara da ita. Ya kalli kusurwar gilashi, inda wata 'yar takarda ta tashar jirgin ruwan Kwatano ta ke manne a da. Babu ita. Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Sai na durƙusa a bakin ƙofar na faɗa masa komai, tun daga darakta har tifa har babur.

Ya ce, "Tun da na shigo na ga gilashi sabo na. Jira ni kai in ji ko bakin ka zai hwaɗi." Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Abin da ya yi shi ne, ranar da Alhajin Gusau ya zo, ya sa ni na tsaya a gaban sa na maimaita labarin da baki na, don kada a sayar wa mutum abu a rufe. Alhaji ya duba aikin ya yaba, amma ya rage N10,000, Yaya bai yi musu ba. An yi bikin ƙanwar mu da kayan ɗakin ta. Ni kuma na yi wata tara ina aikin shagon Yaya kafin na sake mallakar babur, kuma sai da aka shekara biyu kafin ya ƙara miƙo mani makullin mota.

Fim ɗin ya fito bayan wata takwas. Na saya na kulle ɗaki na kalla ni kaɗai. Jar mota ta fito na daƙiƙa arba'in, ta yi kyau ƙwarai. "Sannu da zuwa, abokina" kuwa an yanke shi. Hannu na kawai aka gani ya na buɗe ƙofa. A jerin godiya na ƙarshe an gode wa kowa har mai abinci, babu sunan mai mota.

Ba na cewa duk 'yan fim haka su ke. Na san furodusoshi masu biyan haya tun kafin a kunna kyamara, masu gyara abin da su ka ɓata. Laifi na ne da ban tambaya ba, kuma tun farko abin ba nawa ba ne balle in bayar. Yau kaset ya wuce, ana kallo a waya, hanyar Maradun da mu ke bi da dare ba fargaba ta zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga. Amma har yanzu ina ganin samari na aron motar yayye da iyaye don ɗaukar bidiyon da za su ɗora a TikTok. Ƙanne na, yawancin motoci da gidajen da ku ke gani a fim na aro ne ko na haya, kuma akwai wani a bayan kyamara da gaban sa ke faɗuwa duk lokacin da jarumi ya taka totur. Idan za ku ba da aro, ku tabbata naku ne, a kuma yi magana a gaban shaidu kan wanda zai biya idan an yi ɓarna. Idan kun ga tifa da tsakuwa, ku ba ta tazara. Idan kuma tsautsayi ya faɗa, tauraro ya fito a gilashi, ku rufe shi da salatif ku nufi mai gyara a ranar, ku kuma faɗa wa mai motar a ranar. Ni kwana shida na yi ina ɓoyon abin da bai kai kwabo ba, ya ci babur.

Tsohon gilashin ya na nan a bayan ɗakin Inna, an tare kaji da shi. Sitikar ta koɗe, amma idan ka matsa kusa za ka gane fuskar.